Gicciyen da Aka Kafa a Gonar Baba Ƙarami

Akwai wata Lahadi ta tsakiyar damina da ba na jin za ta taɓa fita daga raina, ko da zan kai shekarun da mutum ke rikita sunayen jikokinsa. Abubuwa da dama sun same ni kafin ta da bayanta, na haihu, na binne iyaye, na aurar da 'ya'ya, amma idan aka ce in zaɓi rana ɗaya in ba da labarinta, ita zan zaɓa. A ranar ne faston cocinmu ya tone gicciye da hannunsa, mabiyansa suna tsaye suna zaginsa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Malumfashi da Kafur, da ɗan nisa daga kwalta. Dukanmu jini ɗaya ne, Maguzawa kaka da kakanni. A zamanin iyayenmu ne hanyoyi suka rabu. Wasu suka karɓi bishara suka zama Kirista, wasu suka musulunta suka matsa kusa da gari, wasu kuma suka tsaya a kan abin da suka tarar ana yi. Wannan bai hana zumunci ba. Ranar Kirsimeti mu Kirista mukan aika wa waɗanda suka tsaya a kan na gado shinkafa da nama, su kuma idan suna shagalinsu na kaka mukan je mu yi musu barka, mu bar musu giyarsu mu dawo.

Mahaifina da girmansa ya zama Kirista. Ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, bai bi shi ba. Dogo ne siriri, ba ya son dogon zance, kuma duk ƙauyen babu wanda ya kai shi tsabtar gona. Su biyun gandu ɗaya suke nomawa tun rasuwar kakanmu, ba su taɓa raba shi ba. Cikin gonakin gandun akwai wadda ta haɗa iyaka da coci, a ƙarshenta kuma akwai wata tsohuwar tsamiya, inda Baba Ƙarami yake yanka zakara kowace shekara kafin a yi shuka, kamar yadda ya ga ubansa yana yi.

Cocinmu na lokacin ginin laka ne, kuma ya yi mana kaɗan. Ranakun biki rabin mata a waje suke zama da goyo, suna leƙen wa'azi ta taga. Da mahaifina ya kwanta ciwon ajali, dattawan ikilisiya suka zo gaishe shi, sai ya ce musu idan sun tashi yin sabon gini su ɗauki gonar nan ta gefen coci. Ina wurin, ni ke ba shi kunu, da kunnena na ji. Amma Baba Ƙarami ba ya wurin, kuma ba wanda ya yi tunanin a kira shi.

Bayan an share makoki dattawa suka je masa da maganar. Ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "Yayana ya ba ku abin da ba nasa shi kaɗai ba. Da ya tambaye ni, da na nuna masa wani wuri. Wannan gonar kam ba ta fita." Suka dawo, aka sake tura wasu, suka dawo da amsa iri ɗaya.

A lokacin maigidana ne shugaban matasan coci. Manomi ne, yana kuma sayar da taki a kasuwar Kafur. Ba mugun mutum ba ne, har yau ma ba na ce masa haka, amma yana da zafin zuciya, kuma ya ɗauki abin a matsayin raini ga ikilisiya. Shi da abokansa suka je Malumfashi wurin mai walda, aka haɗa musu gicciye da bututun ƙarfe mai kauri, ya fi tsawon mutum nesa ba kusa ba, aka shafa masa farin fenti. Washegarin Ista, kafin ruwan farko ya sauka, aka ɗauko shi a akori-kura, muka raka shi da waƙa da kiɗan tulu har tsakiyar gonar. Aka haƙa rami, aka kwaɓa siminti, aka kafa shi.

Fastonmu ma yana wurin. Gajere ne, ya fara manyanta, mutumin wajen Zariya, muryarsa ba ta da ƙarfi, wa'azinsa kuma sau da yawa yakan sa tsofaffi gyangyaɗi. Baba Fasto muke ce masa. An gaya masa alama ce ta inda za a yi sabon gini, ya zo ya ɗora hannu ya yi addu'a, muka ce amin. Baba Ƙarami yana zaune a ƙofar gidansa yana kallonmu daga nesa, bai tashi ba, bai aiko kowa ba.

Ya kamata in faɗi yadda na ɗauki gicciye a wancan lokacin. Tun ina yarinya an koya mini cewa a kansa ne Yesu Almasihu ya mutu saboda zunubanmu, kuma muna barinsa babu kowa a jiki don mu tuna ya tashi. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Amma a zaman yau da kullum, gicciye a wurina alama ce ta mu. Yana wuyana a sarƙa, yana jikin zanen ƙungiyar zumuntar matan coci, yana kan kabarin mahaifina. Idan ina cikin mota a hanyar Funtuwa na hango shi a saman wani gini, sai in ji raina ya kwanta, na san akwai namu a garin. Don haka da na gan shi tsaye fari fat a gonar, abin da na ji shi ne an gama magana, wurin ya zama namu.

Da ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙu, Baba Ƙarami ya fito da shanunsa na huɗa. Ya huɗe gonar daga wannan iyaka zuwa waccan, idan ya zo wurin gicciyen sai ya kewaye shi ya wuce. Ya shuka dawa. Ko da garma bai goge shi ba. Dattawa suka kai ƙara wurin dagaci, wani Alhaji mai sanyin hali da ya san iyayenmu duka. Ya ji kowane ɓangare, ya ce maganar gandu ce tsakanin 'yan'uwa, ga kuma addini ya shigo ciki, mu koma gida mu sasanta. Muka koma, ba a sasanta ba. Dawa ta tsiro ta yi kore, gicciye na tsaye a tsakiyarta, duk mai zuwa sujada sai ya kalle shi.

Ana cikin haka, lokacin maimai, wato noma na biyu, wani ɗan Baba Ƙarami ya kai taki gonar a kan jaki. Da ya sauke kaya ya duba bai ga inda zai ɗaure dabbar ba, sai ya ɗaure ta a jikin gicciyen ya kama aikinsa. Wani ya wuce ya gani, ya ɗauki hoto da waya. Kafin rana ta faɗi hoton ya kai Malumfashi, washegari 'yar'uwata da ke aure a Funtuwa ta kira ni tana tambaya wai da gaske ne Maguzawan garinmu sun mai da gicciye wurin ɗaure jakuna. Kowa ya tura wa wani, kowa kuma ya ƙara nasa bayani. Matasan wasu ikilisiyoyi suka aiko cewa ranar Lahadi za su zo su yi sujada tare da mu, bayan an tashi kuma a shiga gonar a share dawar, a fara haƙa harsashi.

Da yamma ina zuba wa maigidana tuwo na ga yana cikin nishaɗi, abin da na daɗe ban gani ba. Na ce masa, "Ni dai abin nan yana ba ni tsoro. Yaron nan fa ba da nufi ya yi ba."

Ya ce, "Da nufi ko ba da nufi ba, daman abin da muke jira ke nan."

Na ce, "Kamar yaya kuke jira?"

Ya ce, "Kina tsammani don ado muka kashe wahala muka kafa shi? In maganar gona ce, mu kaɗai ne, dagaci ma ya ƙi sa baki. Amma muka ce bari mu sa abin da in sun taɓa, ba mu kaɗai za su taɓa ba. Tsohon ya yi wayo ya ƙi taɓawa, ga shi ɗansa ya taɓa masa."

Ya ci tuwonsa ya wanke hannu ya fita.  Na zauna ina lissafin mutanen da za su tsaya a kowane gefe ranar Lahadi. A nan mijina da ƙannensa, a can 'ya'yan Baba Ƙarami da muka tashi a tsakar gida ɗaya, muka ci a akushi ɗaya. Duk wanda aka sara, gidanmu za a kawo makokinsa.

Ranar Juma'a da hantsi na je wurin Baba Ƙarami. Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya tambayi yara. Na ce masa ya taimaka ya je wurin dattawan coci ya ba da haƙuri a kan maganar jakin, ko abin zai lafa.

Ya ce, "Ɗiyata, yaron na yi masa faɗa, har na ɗaga masa sanda, don ban koya masa wasa da abin bautar wani ba. Amma jaki bai san addini ba, turke ya gani. Ni kuma ban je cocinku na taɓa komai ba, ku kuka kawo abinku gonata. In ba da haƙuri a kan me?"

Na ce, "Baba, mutane za su zo daga nesa, ba su san ka ba, ba su san mu ba."

Ya ce, "Su zo. Za su same mu a gindin tsamiya. Ubana a wurin ya tsaya, ni ma ba ni da wani wurin tsayawa." Ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa. Da na tashi tafiya ya sa aka ɗebo mini gyaɗa in kai wa yara.

Na kwana da abin a raina, ranar Asabar na nufi gidan fasto. Ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu mace ta ɗauki maganar da mijinta ya yi a ɗaki ta kai waje, na kuma san abin da zai biyo baya. Na same shi a bayan gida yana ba awakinsa harawa. Na gaya masa duk abin da maigidana ya faɗa, ban rage ba, ban ƙara ba.

Ya ajiye harawar. Can ya ce, "Da bakinsa ya faɗi haka?"

Na ce, "Da bakinsa, Baba."

Ya ce, "Ni kuma na ɗora hannu na yi addu'a a kai." Ya karkaɗe hannunsa, ya ce in koma gida in kama aikina, ya ji. Na tafi ina ganin na yi aikin banza. A ganina mutumin da ba ya iya tsawatar wa yara masu surutu a coci ba zai iya tsayar da taron matasa ba.

Lahadi ta zo da hadari, an ɗan yi yayyafi da safe ya ɗauke. Tun kafin a buga ƙararrawa babura suka cika gindin bishiyoyin coci. Baƙin fuska sun fi mu yawa. A bayan katanga na ga an jingine gorori da adduna da shebur, an rufa musu buhu. Daga ƙofar coci kuma ana hango gindin tsamiya, Baba Ƙarami yana zaune a kan turmi, 'ya'yansa da 'ya'yan 'yan'uwansa suna kewaye da shi, wasu da fartanya, wasu da kwari da baka. Matansu sun kwashe yara sun shige gida.

Aka yi waƙoƙi, kuma ban taɓa jin an yi su da ƙarfi irin na ranar ba. Duk waƙar da aka ɗauko ta gicciye ce da nasara. Da lokacin wa'azi ya yi, Baba Fasto ya hau wurin wa'azi sanye da tsohuwar kwat ɗinsa. Ya yi wa baƙi maraba, sannan ya nuna ɗan gicciyen katako da ke jikin bango a bayansa, ya tambaya ko akwai wanda zai gaya masa mene ne wannan kafin mu fara shafa masa fenti muna rataya shi a wuya. Ya amsa da kansa.

Ya ce itace ne da hukuma take kashe masu laifi a kai, a bakin hanya, tsirara, don kowa ya gani ya ji tsoro. Ya ce a wancan zamanin ko sunansa mutumin kirki ba ya son ambata a gaban iyalinsa. Ya ce wanda aka rataye a kai domin mu yana da gaskiya, gaskiyar da ta fi tamu a kan gonar nan, yana kuma da ikon da zai kira a zo a yi masa faɗa, bai kira kowa ba. Da wani almajirinsa ya zaro takobi don ya kare shi, hana shi ya yi. Yana rataye ma, gafara ya roƙa wa masu kashe shi.

Wani baƙo daga baya ya miƙe ya ce, "To Fasto, sai mu zuba ido a wulaƙanta shi ke nan?"

Baba Fasto ya ce, "Ɗana, wulaƙanci ba baƙo ba ne a wurin gicciye, don shi aka ƙera shi. An tofa wa mai shi yawu, an yi masa dariya, bai rage shi da komai ba. Jaki ba zai yi abin da sojoji suka kasa ba. Abin da nake tsoro shi ne abin da mu muka yi. Kafin yaron nan ya ɗaura igiya, mu muka fara mai da shi turke. Mun kafa shi don mu kama ɗan'uwanmu da shi. Ni ma da hannuna a ciki, don na yi addu'a a kai ban tambaya ba."

Coci ya kaure da gunaguni. Na ga maigidana ya waiwayo ɓangaren mata yana nemana da ido, na sunkuyar da kai. Baba Fasto ya tuɓe kwat ɗinsa ya ninke a kan kujera, ya sunkuya bayan bagade, teburin da ke gaban coci, ya ɗauko diga, ya bi ta tsakiyar mutane ya fita. Aka bi shi duuu, har ana ture benci.

A bakin gonar ya tsaya. Ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa ya yi sallama ga mutanen gindin tsamiya, ya ce, "Baba, ina neman izini in shiga gonarka in ɗauke kayanmu."

Kalmar nan ta gonarka ita ta fi ƙona wa mutanenmu rai, don kowa ya gane da ita ya bayar da shari'ar gaba ɗaya. Wani dattijon ikilisiya ya ce masa ba shi da ikon faɗin haka, gonar ba ta ubansa ba ce. Baba Ƙarami ya dubi fasto ya ce, "Shiga. Amma ka bi tsakanin kunyoyi, kada ka taka mini shuka."

Ya naɗe ƙafar wandonsa ya shiga. Dawar ta kai masa ƙugu. Ya fara sara, ƙasar ta jiƙe, kowane sara sai laka ta manne wa digar sai ya tsaya ya kankare. Simintin da aka zuba ba kaɗan ba ne, kuma shi ba ma'abocin irin wannan aiki ba ne. Muna tsaye a bakin gona, su suna zaune a gindin tsamiya, shi kaɗai a tsakiya. Daga ɓangarenmu maganganu suka fara fita. Wani ya ce an saye shi. Wani ya ce matsoraci ne. Wata mata da muke waƙa tare ta ce bai cancanci a kira shi fasto ba, mutumin da ke tumɓuke gicciye a gaban masu tsafi. Bai ɗago ba. Amma ba wanda ya iya shiga gonar da adda, don duk mai shiga sai ya bi ta kansa, kuma duk zafin kan matasan nan ba su kai ga ɗaga wa fasto hannu ranar Lahadi ba.

Da rana ta take, gicciyen ya fara girgiɗi. Ya fasa abin da zai iya fasawa na simintin, ya tura shi ya kwanta a hankali a tsakanin kunyoyi. Ya sa kafaɗa a ƙarƙashin mahaɗar ya ɗaga, gindin yana jan ƙasa da ragowar dunƙulen siminti. Ya ɗan yi tafiya kaɗan santsi ya kwashe shi, ya faɗi, ƙarfen ya danne masa kafaɗa.  Ya yunƙura ya kasa.

Wata tsohuwa ce ta fara shiga, gwauruwa, wadda ke share coci kowace Asabar. Ta ɗaure zanenta ta bi tsakanin kunyoyi kamar yadda mai gonar ya ce. Da na ga haka na miƙa wa ta kusa da ni goyona na bi ta. Muka ɗaga masa ya tashi, farar rigarsa ta zama ja da laka. Ya koma ƙarƙashinsa, mu biyu muka kama gindin. Ban taɓa sanin nauyin abin ba sai ranar. Ƙarfen ya yanke ni a tafin hannu, fentin yana ɓarewa yana manne mini. Muka fito da shi a hankali, mutane suka dare suka ba mu hanya, ba wanda ya sa hannu, muka kai shi bayan coci muka kwantar a jikin bango.

Da na juyo, baƙi sun fara tayar da babura suna tsaki. Maigidana yana tsaye ya harɗe hannu, ya dube ni ya dubi hannuna mai jini, ya juya ya tafi. A gindin tsamiya kuma mutane sun fara watsewa. Baba Ƙarami ya shiga gonar ya tayar da 'yan karan da suka kwanta, ya mayar da ƙasa cikin ramin da ƙafarsa, ya wuce gida. Ba a ƙarasa sujada ba ranar, ko baiko, kuɗin da ake tarawa a coci, ba a karɓa ba.

Wanda ke jiran ya ji an ce daga nan kowa ya gane kuskurensa, to ba haka aka yi ba. Baba Ƙarami bai zo ya yi godiya ba, bai kuma bayar da gonar ba. A ganinsa an mayar masa da abinsa ne, kuma ban ce ya yi kuskure ba. Ya ci gaba da yanka zakaransa a gindin tsamiya har ya rasu a kan addininsa. Gidaje da dama suka daina zuwa coci, wasu suka koma bin wata ikilisiya a ƙauyen gaba. Da aka yi godiyar kaka, hatsin da aka kawo wa fasto bai kai rabin na bara ba. Dattawa suka kai ƙararsa wurin shugabanni cewa ya zubar da mutuncin ikilisiya, kafin wata Ista ta zagayo aka yi masa canji zuwa wani ƙaramin wuri a wajen Dandume. Kafaɗar nan kuma ba ta sake komawa daidai ba, har ya bar garinmu ba ya iya ɗaga hannun dama sama sosai idan zai sa albarka.

A gidana ma na ɗanɗana. Maigidana ya gane ni na kai maganar, ya daina cin abincina, sai a ɗakin mahaifiyarsa. Mun daɗe a haka, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ba wata rana da zan nuna in ce a nan muka shirya, abin ya bi jiki ne a hankali, kamar yadda yake faruwa tsakanin ma'aurata. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Abin da na sani shi ne, da aka zo gina sabon coci a wani fako da ke yammacin gari, yana cikin masu ɗora kwano, kuma 'ya'yan Baba Ƙarami da maigidana ya so a sara suna nan da ransu, tare suke zuwa kasuwa.

Ranar da Baba Fasto zai tashi na je taya matarsa ɗaure kaya. Mutanen da suka zo sallama ba su da yawa. Da na samu sarari na durƙusa na ce ya yafe mini, don da ban kawo masa maganar ba da yana nan a wurinsa. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗiyata, kin taɓa jin wanda ya ɗauki gicciye aka raka shi da guɗa? In kin ga ana yi wa mutum guɗa, ki duba da kyau, wataƙila wani ya ɗora wa gicciyen, ba shi ya ɗauka ba." Ya sa hannun hagu ya ɗauki jakarsa ya shiga mota.

Har yau ina sa sarƙata, ina kuma waƙoƙin da muka yi a waccan Lahadi, ba abin da na cire. Amma abin da ranar ta koya mini shi ne gicciye ba shaidar mallaka ba ne, ba kuma abin da ake tsorata maƙwabci da shi ba ne. Wuri ne da mai gaskiya ya yarda ya yi asara don kada marar gaskiya ya hallaka. Kafa shi a gonar wani abu ne mai sauƙi, mu da yawa muka yi, da kiɗa da waƙa. Ɗaukarsa a kafaɗa kuwa na ga yadda yake: mutum yakan yi shi kusan shi kaɗai, nasa ne suke fara zaginsa, kuma ba lalle ne a gode masa ba. Tun daga lokacin, duk sa'ad da na ji an ce mu tashi mu kare gicciye, nakan fara tambayar kaina wa zai ji nauyinsa, mu ko wani.